Tsirkiya Huɗu a Kakuri

Wata bakwai ina zuba adashi
wurin Asabe mai waina,
kullum na taso daga walda a Panteka
ido ja, hannu duk tabon wuta.
Ran da na kwasa, dubu casa'in da biyu,
na naɗe a leda, na cusa cikin safa,
na tari keke zuwa Kakuri.

Ba jita mai kukan sama nake nema ba,
wannan ta Bulus ce, can su ƙarata.
Tawa ta ƙasa ce, bes,
mai gurnani kamar jirgi zai bar Rigasa,
wadda haƙarƙari ke ji kafin kunne.
Daren Asabar kiɗanmu nauyi gare shi,
a gareji, bayan masaƙar da ta mutu,
Tanimu na dukan ganga kamar yana bin ta bashi.
Ran biki kuwa sai a sassauta,
a yi wa iyayen amarya mai laushi,
don can kuɗin cefane yake.
Jita ɗaya nake so ta ɗauki kaya biyu.

Baba Dogara ya sauko min da uku.

Ta fari ja ce, sai ƙyalli,
tsirkiya biyar, batir a cikinta.
Na tambayi kuɗi, ya faɗa,
na mayar da ita a hankali
kamar jaririn mutane.

Ta biyu araha, har da jaka kyauta.
Na ɗaga ta na kashe ido ɗaya,
yadda nake duba ƙarfen taga:
wuyanta ya karkace.
Mai walda ba a ɓoye masa lanƙwasa.

Ta uku baƙa, fenti ya kwaile a gefe
daidai inda hannun wani ya shekara yana goga.
Daga wani coci a Sabon Tasha ta fito,
an karce mata "Kyauta" a baya da ƙusa.
Ban san ko suna ba ne, ko addu'a.

Zan jona ta ke nan aka ɗauke wuta.
Na ce a tayar da janareta,
tsoho ya ce mai ya fi ƙarfin ciniki.
Ya ce, yaro, ɗora haɓarka a kan itacen,
ka ja babbar tsirkiya, ka yi shiru.
Sifika maƙaryaciya ce, tana yi wa kowa kwalliya,
itace ba ya ƙarya.

Na ɗora.
Ja ta yi ɗan ƙugi ta mutu.
Mai araha ta yi zizar ƙudan zuma a gwangwani.
Baƙar nan kuwa, da na sassauta tsirkiya na ja,
sai da haƙorana suka amsa,
ta bi ƙashin baya ta sauka har safa
inda kuɗin ke kwance suna gumi.
Na matsa kusa da wuya, na shafa da yatsa,
ta yi taushi kamar ba ita ba.

Dubu ɗari, in ji shi, ba ragi.
Na zazzage safa, saura takwas.
Muka yi shiru, mu da jitocin.
Sai idona ya kai kan ƙofar shagon,
ƙarfe ya ɓalle, an ɗaure da waya.
Na ce, Baba, wannan ƙofar ba ta hana ɓarawo.
Ya dube ta, ya dube ni,
ya ce Talata ka zo da injinka.

Ba jaka, a buhun shinkafa na sa ta,
wuyanta ya leƙo ta bayan kaina.
Kuɗin keke ma babu,
na taka gada a ƙasa, kogi na wucewa,
duk motar da ta gifta
sai na ji tsirkiya ta amsa mata a bayana.